Ƙarfe Nawa Za A Saka Shirin? Yadda Lokaci Ke Ƙara Ko Rage Masu Kallon Talabijin A Saudiyya

Duk wanda ya san aikin tsara jadawalin tasha ya san cewa kafin a ce shiri ya karɓu ko bai karɓu ba, sai an fara tambayar ƙarfe nawa aka saka shi, a wace rana, wane shiri ne ya gabace shi, kuma me sauran tashoshi ke nunawa a daidai wannan lokacin. Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwanmu masu haɗa shirye-shiryen Hausa da ke son mutanenmu na Makka da Madina da Jidda da Riyad su kalla, da kuma 'yan kasuwarmu na nan, masu kago, wato masu aika kaya, da masu kamfanonin tafiye-tafiye, waɗanda ke biyan kuɗin talla. Yana damuna ƙwarai a kashe kuɗi da watanni a kan shiri mai ma'ana, a saka shi lokacin da mutanensa suna masallaci ko suna kan hanya, bayan mako uku a ce jama'a ba sa so, a soke shi.

Akwai lissafi biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne maki, wato kashi nawa cikin ɗari na duk masu talabijin a gida ne suka kalli shirin. Na biyu shi ne rabo, wato kashi nawa cikin ɗari na waɗanda suka kunna talabijin a wannan lokacin ne ke kan shirinka. A ɗauka gari ne mai mutum 1,000,000 da ke da talabijin. Da ƙarfe 10:00 na dare mutum 400,000 ke zaune suna kallo, 60,000 daga cikinsu suna kan shirinka. Makinka 6 ke nan, rabonka kashi 15. Wani shirin kuma ana saka shi da ƙarfe 4:30 na yamma, lokacin da mutum 100,000 kacal ke kallo, ya samu 25,000. Makinsa 2.5, rabonsa kashi 25. Wanda ya tsaya a kan maki zai ce na dare ya ninka na yamma har da ɗoriya. Amma na yamman ya kama mutum ɗaya cikin kowane huɗu da ke gaban talabijin, na daren kuwa ko ɗaya cikin shida bai samu ba. Kamar shago biyu ne, ɗaya a kan hanyar da alhazai ke bi in sun fito daga Harami, ɗaya a lungu cikin Misfala: na bakin hanya zai fi ciniki ko da kayansa ba su kai na lungu kyau ba. Maki yana ɗauke da girman lokacin da ƙarfin shirin a haɗe. Rabo ne ke ware maka ƙarfin shirin shi kaɗai a gaban abokan takararsa.

Sannan adadin da ake bayarwa matsakaici ne na minti-minti. In shiri na minti 60 ne, mutum ya kalli minti 15 ya tashi, rubu'in mutum aka ƙirga. Saboda haka shirin da kiran salla ya faɗo a tsakiyarsa yana iya samun mutane da yawa da suka leƙa shi, amma matsakaicinsa ya fito ƙasa.

Yadda ake samo alƙaluman ma yana da muhimmanci. Ba kowane gida ake ƙirgawa ba. Ana zaɓen gidaje ne da za su wakilci ƙasa, a haɗa wa talabijin ɗinsu wata 'yar na'ura da ke gane tashar da aka kunna, kowane ɗan gida kuma yana da maɓallinsa a wani rimot na daban, ya danna in ya zauna, ya sake dannawa in zai tashi. Kamfanin Nielsen ya fara amfani da irin wannan na'ura a Amurka a 1987, kuma shi ne ke wannan aiki a Saudiyya tare da Media Rating Company. To a ce gidajen 2,000 ne. Maki 1 gida 20 ke nan. Shirin da ke samun maki 5, alƙaluminsa na iya yin sama ko ƙasa da kusan maki guda saboda ƙarancin gidajen da aka zaɓa kawai, ba tare da komai ya canza a ƙasa ba. Don haka daga 5 zuwa 5.5 a dare ɗaya ba labari ba ne. Shirin da makinsa rabi ne kuwa gida 10 ne kacal ke riƙe da shi. Gida uku su tafi Ɗa'ifa hutun ƙarshen mako, sai takarda ta nuna ya faɗi da kashi 30 cikin ɗari. Shirin Hausa a nan cikin wannan rukuni yake, ko ma ƙasa da haka, kuma na'urar ba ta ganin masu kallo a istiraha, wato gidan shaƙatawa, ko wurin shan gahawa ko a wayar hannu a bakin shago. Wanda ke son sanin halin da shirin Hausa ke ciki a Saudiyya dole ya haɗa da wasu hanyoyin, zan zo kansu.

Babban abin da mai tsara jadawali a wannan ƙasa ya kamata ya ajiye a gabansa shi ne kalandar Ummul Ƙura, wadda Saudiyya ke fitar da lokutan salla da ita, domin zirga-zirgar gida da lokutan salla take tafiya, su kuma ba a tsaye suke ba. A Makka magariba tana saukowa har wajen ƙarfe 5:38 a ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba, tana hawa har wajen 7:07 a farkon Yuli. Isha'i kuma minti 90 ne bayan magariba a duk shekara, ban da azumi da ake mayar da shi minti 120. Mu ɗauki shirin sa'a guda da aka tsayar a ƙarfe 8:00 na dare. A Disamba an kira isha'i tun wajen 7:10, an yi jiran iƙama kamar minti 20, an idar, maza sun dawo gida kafin 8:00, shirin ya samu kowa a zaune. A tsakiyar Maris ana kiran isha'i daidai lokacin da waƙar buɗe shirin ke tashi, rabin farko ya tafi ke nan. A Yuli kuma kiran yana faɗowa ne bayan minti 37, daidai inda labari ke ɗaukar zafi, sai a rasa ƙarshensa. Shiri ɗaya ne, lokaci ɗaya a agogo, amma sakamako iri uku. In mai tasha bai ɗora kalandar a kan alƙaluman ba, zai ɗauka marubutan ne suka gaji a tsakiyar zango.

Ƙasar kuma tana da faɗi amma agogonta ɗaya ne. Riyad tana riga Makka shiga magariba da minti 20 zuwa 30 da ɗoriya, gwargwadon lokacin shekara, Dammam kuma ta fi haka. Lokacin da ya dace da mai kallo a Dammam yana iya cin karo da sallar mai kallo a Jidda. Tunda yawancin Hausawa a yammacin ƙasar suke, da lokacin Makka za a yi lissafi. A wannan lissafin, abin da ya kuɓuta daga isha'i a duk shekara shi ne daga 9:15 zuwa 9:30 na dare zuwa sama.

Tsakanin magariba da isha'i akwai wata 'yar kafa da ake iya amfani da ita, amma sai an auna. Cikin minti 90 ɗin nan, a cire kamar 10 na jiran iƙama, 10 na salla, 10 na dawowa gida da zama. Saura minti 60. Shiri na minti 40 zuwa 45 yana shiga lafiya, na yara ko na girki ko gajeren wa'azi. Matsalarsa ita ce ba za a iya tsayar da shi a ƙarfe ɗaya duk shekara ba, sai an riƙa matsar da shi da rabin sa'a duk bayan wasu makonni, kuma kowane matsi yana zubar da wasu masu kallo. Ni dai a ganina gara a sanar da shi da "rabin sa'a bayan magaribar Makka" a bar shi a haka, domin wannan shi ne agogon da uwargida ke aiki da shi.

Azumi kuwa duniya ce ta daban, kuma shi ne babban kakar talabijin a ƙasashen Larabawa. Ma'aikatan gwamnati suna shiga ofis 10:00 na safe su tashi 3:00 na yamma, Musulmi ma'aikatan kamfanoni doka ta rage musu zuwa sa'a 6, kasuwanni suna kaiwa tsakar dare da bayansa a buɗe. Kallo yana taruwa ne a wurare biyu. Na farko bayan buɗa-baki, cikin minti 120 ɗin nan kafin isha'i, lokacin da duk gida ke wuri ɗaya, kaka da jika. Wannan wurin na gajeren shiri ne mai sauƙi wanda kowa zai iya kallo a gaban kowa. A nan wasan barkwancin Saudiyya mai suna Tash ma Tash ya zauna tun daga 1993 har zuwa 2011, ya zama wani ɓangare na azumin mutanen ƙasar. Na biyu bayan tarawihi, daga wajen 10:00 har 2:00 na dare, inda ake jera manyan shirye-shirye masu dogon zango. Wanda ya saka labari mai nauyi da ke buƙatar natsuwa a bayan buɗa-baki zai sha wahala, domin ana kallo ne ana kwashe kwanuka ana zuba shayi.

Abubuwa uku ke ɓata wa masu tsara jadawalin azumi lissafi. Goman ƙarshe tana kwashe masu kallon tsakar dare zuwa tahajjudi da sayayyar salla, daidai lokacin da labarin ke dosar ƙarshe. Watan kuma yana iya yin kwana 29, sai kashi na 30 ya faɗa daren salla, kowa na wajen tela ko aski. Maganinsa a gina labarin yadda babban warwara zai faɗo a kashi na 28 ko 29, ko a tanadi haɗa kashi biyu a dare ɗaya in an ga wata. Na uku, azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara: a Saudiyya an ɗauka ranar 23 ga Maris a 2023, ranar 11 ga Maris a 2024, ranar 1 ga Maris a 2025. Jadawalin bara ba ya zama na bana sai an sake ɗora shi a kan kalanda, an duba ko makarantu na hutu ko suna jarrabawa.

Yanzu ga wanda ya fi shafarmu. Yawancin shirye-shiryen Hausa daga Najeriya ake watso su, an tsara su da agogon Kano da Kaduna, Saudiyya kuma tana gaban Najeriya da Nijar da sa'a 2 a duk shekara, tunda babu ɗayansu da ke canza agogo. Sudan tana tsakiya, tun Nuwamban 2017 sa'a guda ce tsakaninta da kowane ɓangare. Shirin 8:00 na dare a Kano 10:00 ne a Makka. Wannan sa'a ce ta faɗo mana, domin mutanen nan ba sa kwanciya da wuri, kuma 10:00 ta wuce isha'i a kowane wata. Na 9:00, lokacin labaran ƙasa na NTA, ya zama 11:00, har yanzu ana samun manya. Na 10:00 ya zama 12:00 na dare, gidan da ke da 'yan makaranta an kashe fitila. Shirin 6:00 na yamma a Najeriya shi ne ya fi shiga matsala, domin shi ne 8:00 ɗin da na yi bayani a sama.

Maimaici ma haka. Tasha ta saka maimaici 10:00 na safe don matan gida a Kano, a nan 12:00 ne, ga azahar ta gabato, ga yara na shirin dawowa daga makaranta, ga abincin rana a kan wuta. Na 1:00 na rana ya zama 3:00, dab da la'asar. Lokacin da uwargida a unguwar Shara Mansur ta Makka ke da sararin zama shi ne tsakanin 9:30 da 11:30 na safe, wato 7:30 zuwa 9:30 a Najeriya, lokacin da tashoshi da yawa ke kan shirin safe na kai tsaye. A azumi abin ya fi rikicewa. Tafsirin da ake farawa 4:30 na yamma a Kaduna, a watan Maris yana zuwa mana 6:30, daidai ana kiran magariba. Shirin bayan shan ruwa na 7:00 a can yana zuwa 9:00, muna tarawihi. Na 9:00 na dare a can shi ne ya faɗo cikin lokacinmu mafi kyau.

Ranakun mako ma ba ɗaya ba ne. Tun watan Yunin 2013 hutun ƙarshen mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, Lahadi ranar aiki ce da makaranta. Tashar da ta ajiye babban shirinta a Asabar da dare don gobe Lahadi hutu, a nan ta saka shi a daren da ake guge kayan makaranta. Ranar Alhamis da dare, wadda ita ce daren sakewa a nan, a Najeriya gobenta aiki ne. Juma'a da dare kaɗai ce ɓangarorin biyu ke da hutu washegari, ita ma ga masu hutun kwana biyu. Da yawa daga mutanenmu da ke aiki a shaguna da kamfanoni Juma'a kaɗai suke hutawa, su Alhamis da dare ce tasu. Kada kuma a ɗauka daren hutu shi ne daren kallo. Alhamis da Juma'a su ne daren biki da ziyara da fita bakin teku a Jidda, matasa ba sa gida. A Amurka ma an daɗe da sanin haka game da Juma'a da dare: a 1968 aka mayar da shirin Star Trek ƙarfe 10:00 na daren wannan rana, lokacin da matasan da ke kallonsa suka fita, a 1969 aka rufe shi. Shirin da aka yi don matasa ya fi samun su daga Lahadi zuwa Talata. Na iyali da dattawa yana iya jure daren hutu.

Na ce zuwa Talata, amma da sharaɗi, domin ƙwallo na nan. Wasannin Gasar Zakarun Turai na Talata da Laraba da ake farawa 9:00 na dare a tsakiyar Turai suna zuwa mana 11:00 a lokacin sanyi, 10:00 in Turawa sun matsar da agogonsu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Ka ga shirin 8:00 na Kano ya kuɓuta a Fabrairu, amma a Afrilu, lokacin da gasar ta kai zagayen ƙarshe-ƙarshe, ya yi karo da ita kai da kai. Ga gasar cikin gida, in Al-Ittihad da Al-Ahli za su kara ko ɗayansu zai haɗu da Al-Hilal ko Al-Nassr, Jidda da Makka ba a maganar wani shiri. Babban wasa ma ba ya bin ƙa'idar lokaci: Saudiyya ta ci Ajantina 2 da 1 ranar 22 ga Nuwamba, 2022 a wasan da aka fara ƙarfe 1:00 na rana, lokacin da a ƙa'ida ba kowa a gaban talabijin. Ba a yin takara da ƙwallo a kan maza. Abin da ake yi shi ne a saka abin da mata da dattawa ke so, a kuma tuna cewa a gidan da babban talabijin ɗaya ne, rimot yana hannun masu ƙwallo, su kuma matan sun koma waya. Kada a ɓata sabon kashi mai muhimmanci a irin wannan dare, a saka maimaici ko taƙaitaccen abin da ya gabata.

Wani abin da ke ɗaga shiri ko ya kayar da shi shi ne maƙwabcinsa a jadawali. Mutane da yawa ba sa canza tasha sai an ba su dalili, saboda haka shiri yana gadon wani kaso na masu kallon wanda ya gabace shi. Shi ya sa ake saka sabon shiri bayan wanda ya riga ya kafu, ko a tsakanin ƙarfafa biyu. Haka kuma rauni yana gangarawa. A Satumban 2009 tashar NBC ta Amurka ta cire wasannin kwaikwayo daga ƙarfe 10:00 na dare ta saka shirin hira na Jay Leno kwana biyar a mako don rage kashe kuɗi. Labaran 11:00 na ƙananan tashoshin da ke ƙarƙashinta suka rasa masu kallo, masu tashoshin suka yi ca, zuwa Fabrairun 2010 aka janye shirin. Labaran ba su canza ba, abin da ke gabansu ne ya canza. Gadon nan kuma yana aiki ne in shirye-shiryen biyu mutanensu ɗaya. A saka sharhin siyasa bayan wasan kwaikwayo na soyayya, kafin minti biyar an watse.

Mahaɗar shiri biyu ita ce inda ake asara mafi yawa. Sunayen ma'aikata na minti biyu, talla na minti huɗu, waƙar buɗe sabon shiri ta minti ɗaya da rabi, an ba mai kallo fiye da minti bakwai ya yi yawo da rimot. Gyaransa ba ya cin kuɗi: a matse sunayen a gefen allo, a shiga sabon shirin kai tsaye da fage mai jan hankali, a jinkirta tallan farko sai bayan minti bakwai zuwa goma. Tashar TBS ta Amurka a 1981 ta ɗauki wata dabara, wadda ta bari daga baya, ta fara shirye-shiryenta minti biyar bayan cikar sa'a, ta yadda in nata ya ƙare na sauran sun riga sun yi nisa. A nan kuma akwai ƙarin matsala ga tashar Hausa. Yawancin dish a gidajen Saudiyya suna kallon tauraron ɗan'adam na Arabsat ne ko na Nilesat. Tashar da ba ta kan ɗayansu ba wanda zai faɗa kanta yana yawo da rimot, sai wanda ya nufe ta da gangan ta intanet ko ta wani dish. Irin wannan mai kallo da alƙawari yake zuwa. In ya zo ƙarfe 10:00 ya tarar ba a fara ba sai 10:20 saboda shirin baya ya zarce, sau biyu zai yi haƙuri, na uku ya koma jiran a ɗora a YouTube.

Ga mai son gwada ko lokaci ne ke cutar da shirinsa, hanyar ita ce a nemi alƙaluman minti-minti a ɗora su a kan abu uku: lokutan salla, wuraren talla, da jadawalin ƙwallo. In an fara da yawa aka zube cikin minti biyar na farko, gado ne aka samu daga shirin baya amma mutanen ba na wannan shirin ba ne, maƙwabci za a canza. In faɗuwar ta zo a tsaye a minti ɗaya kuma tana matsawa kaɗan-kaɗan kowane mako, kiran salla ne. In an faɗi a wurin talla ba a dawo ba, tallan ya yi tsawo ko an yanke a wurin da ba abin da ke riƙe mutum. In kuwa ana zubewa a hankali daga farko har ƙarshe a kowane dare, to wannan kam laifin shirin ne, lokaci ba zai cece shi ba. A kwatanta Litinin da Litinin, kada a kwatanta ta da Alhamis. A ba sabon lokaci mako huɗu zuwa shida kafin a yanke hukunci, kuma a canza abu ɗaya a lokaci guda. Wanda ya canza rana da sa'a da mai gabatarwa a mako ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya yi aiki ba. In za a matsar da shiri, a fara sanarwa mako biyu kafin nan, sannan a bar rubutu yana wucewa a ƙasan allo a tsohon lokacin har mako biyu bayan matsin.

Kada a ƙaddamar da sabon zango don Hausawan Makka da Madina daga tsakiyar Zulƙida zuwa ƙarshen Zulhajji. Mutanenmu suna wajen alhazai, masu tafinta da masu abinci da masu kago da masu shago, ba mai komawa gida da wuri. Bazara kuma, lokacin da makarantu ke hutu kuma zafi ya sa doka ta hana aiki a rana daga 12:00 zuwa 3:00 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, rayuwa tana matsawa cikin dare, shirin 11:00 da 12:00 yana samun abin da ba ya samu a Oktoba, na safe kuma ya mutu.

Mai biyan talla shi ma da wannan lissafin zai yi aiki. Talla na riyal 3,000 a lokacin da ke da maki 6, kowane maki ya tsaya masa 500. Na riyal 1,000 a lokacin da ke da maki 1, kowane maki 1,000 ne, mai arhar shi ne mai tsada. Amma sai a duba su waye a cikin makin. Mai kago da ke neman matan da ke aika kaya Kano zai fi cin riba da maimaicin safe mai ƙaramin maki fiye da daren da maza suka cika.

Tunda na'urar ƙirga ba ta ganin Hausawan nan sosai, shafin YouTube na shirin shi ne madubi mafi kusa. YouTube Studio yana nuna ƙasashen masu kallo, da sa'o'in da suke kan manhajar cikin kwana 28 da suka wuce, da inda suke barin bidiyo. A lura cewa sa'o'in suna fitowa ne da agogon wanda ke duba shafin, mai dubawa daga Kano sai ya ƙara sa'a 2. Ga bidiyon da aka ɗora aka bari, sa'ar ɗorawa ba ta da tasiri sosai a kan abin da zai tara nan da wata guda. Ga shirin kai tsaye da wanda aka sa wa lokacin fara haskawa kuwa, duk abin da na faɗa game da isha'i da ƙwallo da Lahadi yana aiki. A haɗa da tambayar masu kallo a zaurukan WhatsApp, kuma tambayar ta zama "jiya ƙarfe nawa kuka kalla, a talabijin ko a waya", domin in aka tambayi lokacin da mutum ya fi so, amsar da yake bayarwa ba ita yake aikatawa ba.

A kan takardar sanarwa a rubuta agogo biyu, na Najeriya da na Saudiyya, kamar yadda MBC ke rubuta na Saudiyya da na GMT a tallan shirye-shiryenta. A rubuta kwanan wata ma. Shirin 10:30 na daren Alhamis a Kano, a Makka 12:30 ne, an riga an shiga Juma'a, kuma in aka rubuta "daren Juma'a" kawai, wasu za su zauna jira Alhamis da dare, wasu sai washegari.